Sanyin Jos Ake Zargi, Amma Benci Ne Mai Laifi

Duk wanda ya yi aikin lafiya a Jos ya saba jin wannan magana: "Likita, sanyi ne ya shige ni." Tela ya faɗa, ɗan dako ya faɗa, mai kitso ta faɗa, har ma'aikacin ofis mai kwat da taye. Ban ce garin nan ba shi da sanyi ba, wanda ya taɓa fita sallar asuba a watan Janairu ba ya bukatar a ba shi labari. Sanyi yana ɗaure tsoka, yana kuma tayar da ciwon da ke kwance. Amma a shekarun da na yi a sashen fisiyo, inda ake gashi da motsa gaɓoɓi, na ga masu ciwon baya da wuya da kafaɗa ba adadi, kuma mafi yawansu da na tambaye su sana'arsu da abin da suke zama a kai, sai in tarar ciwon a wurin aiki ya samo asali. Sanyin tarar da shi ya yi.

Tambayar nan ba ni na ƙirƙiro ta ba. Wani likitan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'o'i tun a shekarar 1700, ya ce likita ya riƙa tambayar mara lafiya aikin da yake yi. A ciki har ya yi maganar teloli da masu ɗinkin takalmi, yadda dogon zama a sunkuye ke tanƙwara musu baya. Yau sama da shekara 300 ke nan, telanmu yana nan a sunkuye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki da walwala. Ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan ciwo ba a iya nuna wata cuta takamaimai a ce ga ta. Shi ya sa mutum zai biya kuɗin hoton ƙashi, a ce masa ba a ga komai ba, ya fita yana jin haushi. Abin da ake nema ba ya cikin hoton, yana shago.

Bari in ba ku labarin wani tela a wajen Bauchi Road. Sau uku yana zuwa wurina cikin wata biyu: wuya ya riƙe, ciwon ya gangaro allon kafaɗar dama, da dare kuma yatsu su yi minjirya har su tashe shi. Mu yi gashi ya ji sauƙi, bayan mako biyu ya dawo. A zuwa na uku, ana saura kwana goma a yi ƙaramar Sallah, na ce masa, "Malam, gobe ni zan zo shagonka." Ya yi dariya, ya ɗauka ɗinki zan kawo.

Da na shiga ban ce komai ba, na zauna a gefe ina kallo. Bencin da yake kai gajere ne, ba shi da wurin jingina, teburin keken kuma ya yi masa tsawo, don haka kafaɗunsa a ɗage suke kamar mai jin sanyi. Ƙwan lantarki ɗaya ne a shagon, a bayansa yake, inuwar kansa tana faɗawa daidai kan allura. Don ya ga layin ɗinki sai ya kai fuskarsa kusa da ƙyalle, ya karkatar da kai gefe guda. Na ba yaronsa wayata na ce ya ɗauke shi hoto daga gefe ba tare da ya sani ba. Da na nuna masa sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Subhanallahi, Likita, haka nake kamar lauje?" Yaron ya ce, "Oga, ai kullum haka kake tun safe har dare."

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai a wannan aiki muna da mudun ma. Akwai wani ma'auni da ake kira RULA, wanda masana biyu, Lynn McAtamney da Nigel Corlett, suka fitar a Jami'ar Nottingham da ke Ingila a 1993. Takarda ɗaya ce, ba na'ura. Ana duba gaɓa bayan gaɓa ana ba da maki. Wuya idan ya sunkuya ƙasa da digiri 10 maki 1 ne, tsakanin 10 da 20 maki 2, ya wuce 20 maki 3, idan kuma a karkace yake ko a juye a ƙara 1. Gangar jiki idan ta ranƙwafa tsakanin digiri 20 da 60 maki 3 ne, ta wuce haka 4. Haka ake bi ta dantse da gwiwar hannu da wuyan hannu da ƙafafu. Sannan a tambaya: mutumin yana daskarewa a yanayi ɗaya fiye da minti guda? Yana maimaita motsi ɗaya sau huɗu ko fiye a minti? Nawa ne nauyin abin da yake riƙewa? A ƙarshe a haɗa a samu lamba daga 1 zuwa 7. Lamba 1 da 2 ba damuwa, 3 da 4 a ƙara bincike, 5 da 6 a gyara ba da daɗewa ba, 7 kuwa a gyara yanzu. Telana 7 ya samu.

Lambar ba ta cewa wane zai kamu da ciwo ran kaza. Amfaninta shi ne ta nuna gaɓar da ta fi shan wahala, don a san inda za a fara. A wurinsa wuya ne da kafaɗa. Muka aro kujera mai jingina daga maƙwabcinsa, muka ɗora matashi har gwiwar hannunsa ta zo daidai da teburi, ƙafarsa kuma tana kai wa mataki ba tare da miƙewa ba. Aka naɗe tsohon zani aka sa masa a ƙugu. Mai gyaran wuta ya dawo da ƙwan gabansa ta hagu. Na kuma tura shi a auna masa ido, domin ya haura shekara 40, lokacin da ganin kusa ke fara raguwa, kuma teloli da yawa idonsu ne ke jan wuyansu ƙasa ba su sani ba. Kan babban mutum ya kai kilo 5 ko kusa da haka. Idan yana zaune daidai kan kafaɗu tsokar wuya ba ta wahala, amma da ya leƙo gaba sai ta zama igiyar da ke riƙe da shi awa goma. Batun hutu kuwa na san ba zai duba agogo ba ana gab da Sallah, sai muka yi yarjejeniya: duk sanda zaren ƙasa ya ƙare, kafin ya sa wani, ya miƙe tsaye, ya ja kafaɗu baya, ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo.

A kasuwar Farin Gada lamarin ya sha bamban, can ba zama ba ne matsalar, nauyi ne. Ku je da sassafe lokacin da motocin dankalin turawa daga Bokkos da Mangu ke saukewa, ku tsaya ku kalli 'yan dako. Irin wannan aiki na jiki gaba ɗaya akwai nasa ma'aunin, REBA, wanda ya fito a 2000, makinsa daga 1 zuwa 15, kuma daga 11 zuwa sama haɗari ne mai tsanani. Mai ɗaga buhu daga ƙasa, baya a ranƙwafe, yana murɗa ƙugu don ya jefa shi cikin mota, ba ya wuyar kaiwa can. Cibiyar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da yawancin masu lafiya za su ɗaga, shi ma sai idan komai ya yi daidai: kayan yana manne da jiki, yana wajen tsayin cinya ba a ƙasa ba, akwai wurin riƙewa, ba murɗa ƙugu, ba kuma a kai a kai ba. Kowane sharaɗi ya ɓaci, iyakar ta ragu. To buhun siminti kilo 50 ne. Buhun masara babba kilo 100. Jarkar ruwa mai lita 25 da muke ba yara su ɗauko, ruwan cikinta kaɗai kilo 25 ne.

A nan nake saɓawa da wasu abokan aikina. Mun iya cewa "lanƙwasa gwiwa, kada ka lanƙwasa baya", mu shafa hannu mu tafi. Shawarar ba laifi, amma babu wata dabarar tsugunno da za ta mayar da kilo 100 abin da ya dace mutum ɗaya ya ɗaga sau arba'in kafin azahar. Kuma ɗan dako ba jahili ba ne, a buhu ake biyansa, in ya tsaya wani ya ɗauka. Maganar ta masu kaya ce da shugabannin kasuwa. A jera buhuna a kan dakali ko katako don kada a riƙa ɗagowa daga ƙasa. Mota ta matso kusa. Babban buhu mutum biyu su kama, a yi amfani da baro ko kura inda hanya ta ba da dama. Shi kuma mai ɗauka ya rungumo kayan jikinsa, in zai juya ya juya da ƙafafunsa, kada ya murɗa ƙugu da kaya a hannu. Wani dattijo da ya yi dako tun yana saurayi ya taɓa ce min, "Ɗana, ba ɗauka ke karya mutum ba, juyi ne." Na ce, "Baba, kun riga littafinmu sani."

Aikin mata a gida ba wanda ke auna shi, alhali da za a auna da an sha mamaki. Shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a baho a ƙasa ana tsaye a ranƙwafe, tuƙin tuwon gidan biki da muciya, ga goyo a baya. A ɗora bahon a kan benci, ko a zauna a kujera 'yar tsugunno a ja shi kusa. A ɗaura wa tsintsiya sanda. Mai kitso ta zaunar da wadda ake yi wa ƙasa da ita, yadda hannuwanta ba za su wuni sama da kafaɗa ba. Idan babban yatsa da manuni da na tsakiya suna sagewa da dare, sau da yawa jijiya ce ta matse a wuyan hannu, a zo a duba tun kafin hannu ya fara sakin kofi.

Na ofis da masu POS naku gajere ne. Saman allon kwamfuta ya zo daidai ido, nisansa kamar tsawon hannu, tafin ƙafa a ƙasa, ƙugu a jingine. Kwamfutar cinya a ɗora ta a kan littattafai a sa mata madannai na daban. Kada a maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa ana rubutu. Kowane rabin awa a tashi, domin ko zaman da ya fi kowane kyau in ya daɗe sai ya gajiyar da jiki. Masu kamfanoni kuma su sani Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, ta haɗa da cutar da aiki ya jawo, ba haɗari kaɗai ba. Sayen kujerar kirki ya fi sauƙi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne "haɗin gajiya" da ake saye a kemis ko a hannun masu tallar magani, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda ba suna. Sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokaci duka biyun, kuma shan su kullum yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Wasu har da tramadol, mai kama mutum ya kasa bari. Ƙwayar tana kashe jin ciwon ne, mutum ya koma kan bencin da ya jawo shi. Bel ɗin ɗaure ƙugu ma da ake yayi, jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu ba ta goyi bayan amfani da shi ba. Kwanciya kwana da kwanaki ita ma ƙara sandarar da baya take yi, gara a riƙa takawa daidai ƙarfi.

Akwai kuma ciwon bayan da gyaran kujera ba ya yi masa komai. Idan fitsari ko bayan gida ya fara kuɓucewa ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu ba a jin taɓi, ko ƙafa ta fara rauni ana jan ta, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya wurin mai ɗori. Haka idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota. Idan kuma yana tare da zazzaɓi da rama da gumin dare, ko ba ya lafawa ko an kwanta, a je a bincika, don tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma muna ganinsa a nan.

Telan nan ya dawo bayan Sallah da mako uku, da tabarau a fuska. Ya ce wuyan ya saki, yatsun kuma sun rage tashinsa da dare, ko da yake ba su daina gaba ɗaya ba, don haka muka ci gaba da duba hannun. Na tambaye shi kujerar aro. Ya ce maƙwabcin ya karɓi abarsa, shi kuma ya sa kafinta ya yi masa tasa daidai tsayinsa. Na ce bencin fa? Ya ce ai ya ba yaron. Sai na ce masa ranar Asabar zan sake biyowa, wannan karon shi zai riƙe wayar.