Waiwaye: daga ina dabarar binne hayaƙi a ƙarƙashin ƙasa ta samo asali?

Duk sanda aka zauna taron sauyin yanayi sai ka ji kamfanonin mai suna ta maganar wai za su kama iskar kabon tun kafin ta bar bututun hayaƙi, su matse ta ta koma kamar ruwa, su tura ta can cikin ƙasa, kamar jiya aka ƙirƙiro abin. Tsohuwar dabara ce, kuma tun farko ma ba don ceton duniya aka fara ta ba.

A 1972 a yammacin Texas ta Amurka aka fara ɗura iskar cikin tsofaffin rijiyoyin mai na filin SACROC, don ta tunkuɗo ragowar man da ya maƙale a ramukan dutse a sayar. Har yau mafi yawan kabon da ake kamawa a duniya can yake tafiya, wato a ƙara haƙo mai da shi, kuma gaskiya wannan shi ne abin da ya fi damuna a harkar.

Wanda aka yi don rage hayaƙi da gaske shi ne na filin haƙar gas na Sleipner a tekun Norway a 1996. Gwamnati ta sa harajin kabon tun 1991, kamfanin Statoil ya buga lissafi ya ga ai dama dole ne ya tace kabon daga gas ɗin da yake haƙowa kafin ya kai kasuwa, to binne shi ya fi arha a kan biyan haraji, sai ya riƙa tura kusan tan miliyan ɗaya a shekara cikin wani dutsen yashi mai ruwan gishiri, wajen kilomita ɗaya ƙasa da gindin teku.

Da aka zo tashoshin lantarki masu ƙona kwal ne aka gane shayi ruwa ne. Kabon ɗin da ke cikin hayaƙinsu kaɗan ne, sai an bi da hayaƙin ta cikin wani ruwan sinadari ya tsotse shi, a dafa ruwan ya saki iskar, sannan a matse ta, kuma duk wannan wutar tashar yake ci. Kanada ta fara kama kabon a tashar Boundary Dam a 2014. Petra Nova a Texas ta fara a 2017, aka rufe ta a 2020 da farashin mai ya faɗi tunda da kuɗin man da ake haƙowa da kabonta take tsaye, sai 2023 ta dawo. Kemper a Mississippi kuwa ta lashe sama da dala biliyan 7 kafin a watsar da shirin kama kabonta a 2017. A filin haƙar gas na In Salah ta Aljeriya ma an daina ɗurawa a 2011 saboda fargabar dutsen da ya rufe iskar ya fara tsagewa.

Bayan shekara hamsin da ɗoriya, duka-duka abin da ake iya kamawa bai wuce tan miliyan 50 da 'yan kai a shekara ba, alhali duniya na fitar da sama da tan biliyan 37. Shi ya sa ni ban yarda a fake da shi a ci gaba da ƙona kwal ba. Inda na ga amfaninsa shi ne siminti, don shi dutsen farar ƙasa da kansa yake sakin kabon idan aka gasa shi, ko da wace wuta ka yi amfani. A 2025 aka fara ɗaukar kabon na masana'antar siminti ta Brevik da ke Norway a jirgin ruwa ana kai wa shirin binne kabon na Northern Lights, su kuma suna binne shi mita 2,600 ƙarƙashin gindin teku.