Waiwaye: tun zamanin kwali aka raba jaruma da fim ɗinta

Duk lokacin da aka ga bidiyon wata dattijuwar jarumar Kannywood tana kwance ba lafiya ana nema mata taimako, sai kafafen sada zumunta su ɗauki zafi. Wasu su ce masu shirya finafinai ba su da tausayi, wasu su ce ita ce ba ta yi tanadi ba lokacin da take tashe. Muhawarar ta fi ƙamari a watan Fabrairun 2022, bayan hirar da Hajiya Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, ta yi da BBC Hausa, inda ta ce sallamar da take samu a fim 'yan dubbai ne, wani lokacin ma dubu biyu. Wasu masu shirya fim suka fito suka ce sun ba ta fiye da haka. Aka yi ta ja-in-ja a kan adadi, kura ta lafa, kuma har yau da an taɓo zancen sai ya dawo sabo.

Ni dai a ganina adadin ba shi ne gundarin maganar ba. Ko dubu hamsin aka ba mace a ranar aiki, idan daga wannan ranar ba ta da sauran haƙƙi a fim ɗin, tsufa zai same ta hannu rabbana. Kuma wannan tsari ba jiya aka fara shi ba.

Farkon labarin kowa ya san shi. Iyayenmu mata da suka buɗe hanya sun fito ne daga ƙungiyoyin wasan daɓe da wasannin kwaikwayon Rediyo Talabijin Kaduna, da NTA, da CTV ta Kano. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kasuwa ta buɗe. A 1999 sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa, a shekarar kuma mujallar Fim ta fara fitowa. A 2001 Kano ta kafa hukumar tace finafinai. Waɗannan ake jerowa duk sanda aka tashi ba da tarihi.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne kwali.

A zamanin kaset, furodusa ba ya buga dubban kwafe ya kai kasuwa, don ba shi da wannan jarin. Abin da yake yi shi ne ya miƙa uwar kaset ga dillalai, ya je maɗaba'a ya buga kwalin da za a saka kaset ɗin a ciki, sannan ya sayar musu da kwalin. Su kuma su sayi kaset ɗin da ba komai a kansa, su naɗi fim ɗin da injinansu, su zura a kwali su sayar. Kwali shi ne shaidar cewa kwafin na halal ne, kuma yawan kwalin da aka sayar shi ne ribar mai fim. Sau da yawa ma sai kaya ya shiga ake biyansa, wanda bai shiga ba a dawo masa da abinsa.

Na taɓa tsayawa a wani shago a wajen Bata a Kano ina kallon yadda ake ƙirga kwalaye ɗauri-ɗauri, an ɗaure su da kyauro, kamar ana ƙirga kuɗi. A bayan shagon injinan bidiyo ne a jere, wani kan wani, kowanne da jar fitilarsa a kunne. A kan kowane kwali fuskar jaruma ce ta fi girma, ta sha kwalliya da ɗaurin ɗankwali, domin ita mata ke tambaya idan sun aiko yaro sayen kaset ko haya. Fuskarta ce ke sayar da kwalin, amma babu ko kwabo nata a cikin kuɗinsa. An sallame ta tun a lokeshan.

Ba mugunta ce ta kawo tsarin ba, dabara ce ta mutanen da ba su da jari kuma ba bankin da zai ba su rance. Ya yi amfani ƙwarai, don shi ya kai fim ɗin Hausa har Yamai da Damagaram da zangon Kumasi. Sai dai ya raba kuɗin fim gida biyu kawai, na mai kwali da na mai naɗa, ya bar ɗan wasa a matsayin ɗan ƙwadago. Babu takardar yarjejeniya, komai da baki ne da mutunci. Kuma a al'adarmu mace mai kunya ba ta tsayawa ciniki da wanda take kira ɗanta ko ƙaninta. "Mama, ga wannan a sha ruwa," sai ta karɓa ta sa albarka.

Nauyin ya fi faɗawa mata saboda lokacinsu gajere ne. Namiji zai iya shekara 20 yana fitowa a saurayi. Mace kuwa tana tashe shekaru kaɗan sai aure ya zo, wanda galibi ke nufin barin fim. Idan ƙaddara ta dawo da ita, a uwa za ta fito ko a suruka, fitowa biyu ko uku, sallamarta daidai da fitowarta.

Wasu daga cikin jaruman sun farga da wuri. Suka tara abin da suka samu, suka sayar da sarƙa da ɗan kunne, suka ɗauki nauyin fim da kansu don su ma su zama masu kwali. Wannan ne asalin abin da ya sa kusan duk jarumar da ta yi suna take son a ga sunanta a gurbin furodusa. Ba son girma ba ne, neman mallaka ne. Amma da yawansu sun shigo ne daidai lokacin da kasuwar ke zamewa. Kaset ya ba faifan CD wuri, satar fasaha ta yi sauƙi, sannan masu tura fim a waya suka cika bakin titi, ana zuba wa mutum finafinai a memori da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kwali ya zama takarda kawai. Mata nawa ne suka zuba jarinsu a fim ɗaya ya tafi da shi?

Waɗanda suka zo daga baya sun tarar da wata ƙofar. Arewa24 ta fara aiki a 2014, finafinai masu dogon zango suka karɓe kasuwa, YouTube ya zama sabuwar Kofar Wambai, wato kasuwar dillalan kaset ta Kano a da. Jarumar da ke da kamfaninta da tasharta, duk kallon da aka yi yana shigo mata da wani abu. A kudu ma haka abin yake: fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a sinima, a farkon 2024, Funke Akindele ce ta shirya shi kuma ta fito a ciki.

Dattijan da suka yi aikinsu a zamanin kwali kuwa ba su da tasha, ba su da uwar kaset, ba su da takarda. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi kariya ga masu fitowa a wasa, amma da wace shaida mace za ta nemi haƙƙin aikin da aka ƙulla da baki shekara 25 da suka wuce? Tsofaffin finafinanta suna nan ana haska su a tashoshin tauraron ɗan'adam, ana ɗora su a intanet, jikokinta suna nuna ta a waya suna cewa ga Hajiya lokacin tana yarinya.