Malamin cocin da ya nemi zunubin al'umma a cikin alƙaluma

A farkon ƙarni na 19 gwamnatocin Turai suka duƙufa tara alƙaluma: aure nawa aka ɗaura bana, mutum nawa aka gurfanar a kotu, nawa suka kashe kansu. Da aka jera lissafin shekara bayan shekara, sai aka ga adadin kusan ba ya motsi, kuma hankalin masana ya tashi. Wani masanin taurari ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fitar da littafi a 1835 yana cewa al'umma ce ke shirya laifi, mai laifin kuwa makami ne kawai a hannunta. To in haka ne, ina zaɓin ɗan Adam? Wa za a tuhuma?

Wannan tambaya ce ta hana Alexander von Oettingen sakat. An haife shi a 1827 kusa da Dorpat, garin da yau ake kira Tartu a ƙasar Estoniya, a gidan Jamusawan yankin Baltik da ke ƙarƙashin daular Rasha. Malamin tauhidi ne na ɗarikar Luther, ya kuma kwashe shekara fiye da 30 yana koyarwa a jami'ar garin.

Da wani ne, da ya tsaya kan mumbari ya la'anci lissafin. Shi kuwa sai ya zauna da shi. Ya bi jadawalin haihuwa da mutuwa, sakin aure, karuwanci, 'ya'yan da aka haifa ba aure, har da yawan masu zuwa karɓar jibin Ubangiji a coci, layi bayan layi, ƙasa bayan ƙasa. A 1868 ya fara fitar da sakamakon a littafinsa Moralstatistik, wato ƙididdigar ɗabi'u, ya ƙara kashi na biyu a 1873. A kan bangon littafin ne kalmar Sozialethik, ɗa'ar zamantakewa, ta fito, kuma shi ake danganta wa ƙirƙiro ta.

Hujjarsa ta ratsa ni. Cewa ya yi daidaituwar alƙaluman ba ta nuna mutum dutse ne da aka jefa, marar zaɓi. Tana nuna cewa ba wanda ke rayuwa shi kaɗai. Yaro yana tashi cikin gida, cikin unguwa, cikin coci, yana shaƙar halinsu kamar iska. In ya lalace, da hannunsa a ciki, amma da na waɗanda suka raine shi ma. Saboda haka laifin da aka rubuta a kan mutum ɗaya, al'umma na da nata kaso. A nan ya saɓa wa Quetelet, ya kuma saɓa wa malaman cocin da ba sa ganin komai sai zunubin mutum shi da Ubangijinsa.

Gaskiya aikin bai rasa rauni ba. Sau da yawa ya riga ya san amsar da yake nema kafin ya buɗe jadawalin, kuma alƙaluman ƙasashe a lokacin ba ma'auninsu ɗaya ba. Duk da haka masana sun amfana da tarin da ya yi. A 1881 ya yi rubutu na musamman kan kisan kai da kai, kuma da masanin zamantakewa Émile Durkheim na Faransa ya zo nasa nazarin kan batun a 1897, ya ɗebi alƙaluma daga aikin Oettingen, sai dai ya ajiye tauhidin a gefe. Oettingen ya rasu a Dorpat a 1905.