Me ake nufi da "kastom" a harkar robot ɗin Transformers?

Tunda na ɗora hoton robot ɗina Bumblebee da na mayar kore ake ta tambayata a ina na sayo, wani ma cewa ya yi jabu ne. Wallahi ba jabu ba ne, kastom ne.

Kastom a bakin masu wannan harka shi ne ka ɗauki robot ɗin wasa, irin wanda ake lanƙwasawa ya koma mota ko jirgi, ka sake masa kama da hannunka har ya zamana babu irinsa a kanti. In fenti kawai ka canza, ripent kenan. In kuma ka ciro hannun wannan ka liƙa wa wancan, shi suke kira kitbash.

Su kansu kamfanonin ai suna yin ripent. Hasbro ta Amurka ce ta fito da Transformers a 1984 daga kayan wasan kamfanin Takara na Japan, kuma tun lokacin robot ɗinsu uku, Starscream da Thundercracker da Skywarp, jikinsu ɗaya ne, jirgin yaƙi F-15, kala ce ta raba su, Thundercracker shuɗi, Skywarp baƙi da shunayya.

Ni nawa a gwanjo nake tsinta a kasuwar Sabon Gari, galibi fenti ya goge ko taya ɗaya ta fita. Sai in kwance shi da ƙaramar sukudireba ina ɗaukar hoto a waya kar in manta mazaunin kowane noti, in wanke da sabulu, in bi shi da samfefa mai laushi, in fesa fentin shimfiɗa, sannan akirilik shafi-shafi siriri, irin wanda ɗaliban zane na ABU ke amfani da shi a Samaru.

Amma fa inda aikin yake shi ne gaɓoɓi. Wannan ba gunki ba ne da za a ajiye a kan shelf kawai, dole ya juya ya koma mota, kuma duk inda roba ke gogar roba in ka lafta fenti to ko ya ƙi motsi ko ya kankare tun juyin farko. Na farkon da na yi fentin feshi na babur na zuba masa da kauri, ina lanƙwasa kafaɗar sai na ji ƙas, ta karye, abin ya yi min ciwo sosai don da ƙyar na same shi. Yanzu sai na ɗan rage robar gaɓa da samfefa tukun fentin ya samu wurin zama. Kuma kar ka kuskura ka goge fenti da ruwan cire jan farce, narkar da robar yake.

Da hunturu kuwa ƙurar Zariya ba ta raga wa ɗanyen fenti, kwali nake kifa masa. Bayan shafin ƙarshe mai kare fenti sai na bar shi kwana 2 cur kafin in haɗa, sannan in juya shi a hankali, gaɓa ɗaya bayan ɗaya.