Zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL

Zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, wanda Amurkawa ke kira NFL Draft, taro ne na shekara-shekara da ake yi a ƙarshen watan Afrilu, inda ƙungiyoyi 32 na babbar gasar ƙwallon Amurka ke raba matasan da suka fito daga jami'o'i a tsakaninsu. Ƙwallon da ake nufi ita ce wadda ake runguma a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano da kariyar kafaɗa. A wannan gasa ƙungiyoyi ba su da makarantun renon yara irin na kulob-kulob ɗin Turai, ba sa kuma sayen matashi daga ƙananan ƙungiyoyi. Jami'o'i ke renon 'yan wasa, ƙungiyoyi su shiga layi su ɗauka ɗaya bayan ɗaya, wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ce a gaba. Ba a taɓa ƙwallo a wurin taron, amma miliyoyin mutane ke kallonsa a talabijin, kuma watanni kafin ranar magoya baya suke fara ja-in-ja kan wanda ya kamata ƙungiyarsu ta ɗauka.

Asali

A farkon shekarun 1930 ɗan wasa yakan gama jami'a ya tafi inda aka fi ba shi kuɗi. Hakan ya sa ƙungiyoyi masu hali irin su Chicago Bears da New York Giants suka riƙa kwashe gwanaye, sauran su tashi da ragowa. A 1935 an yi ta rige-rigen tayi a kan wani ɗan wasan Jami'ar Minnesota, Stan Kostka, har Brooklyn Dodgers ta same shi a kan dala 5,000, kuɗi mai kauri a lokacin. Cikin waɗanda aka kayar a wannan ciniki har da Bert Bell, mai ƙungiyar Philadelphia Eagles, wadda ba ta cin wasa kuma ba ta cika filinta. Shi ne ya kawo shawarar a riƙa zaɓe bi da bi, na ƙarshe a tebur ya fara. Hujjarsa ita ce gasar ba za ta ɗore ba muddin an san wanda zai ci tun kafin a fara. Masu ƙungiyoyi suka amince a wannan shekarar.

An yi zaɓen farko ran 8 ga Fabrairu, 1936, a otal ɗin Ritz-Carlton da ke Filadelfiya. Ƙungiyoyi 9 ne, zagaye 9, aka ɗauki mutum 81. Babu masu farautar gwanaye a lokacin. Sunaye kimanin 90 aka rubuta a allo, yawancinsu daga jaridu da abin da aka ji a bakin mutane. Eagles ta fara, ta ɗauki Jay Berwanger na Jami'ar Shikago, wanda shi ne farkon wanda ya ci kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i da daga baya aka sa wa suna Heisman. Bell ya ga ba zai iya biyansa ba, ya miƙa haƙƙinsa ga Bears, shi ma George Halas mai ƙungiyar Bears ya ga kuɗin da yaron ke nema ya yi yawa. Berwanger bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NFL ba, ya kama sana'ar kayan roba. Ba shi kaɗai ba ne: akasarin waɗanda aka zaɓa a shekarar ba su shiga gasar ba, don aikin ofis ya fi ƙwallo albashi a wancan zamani.

Sakacin shekarun farko ya bar labarai. A 1946 ƙungiyar Washington ta ɗauki Cal Rossi na Jami'ar UCLA a zagayen farko, sai aka gano bai kai lokacin fita daga jami'a ba. Da shekara ta zagayo ta sake ɗaukarsa, ashe shi ba shi da niyyar buga ƙwallon sana'a ma. Daga 1947 zuwa 1958 an gwada ba da zaɓen farko ta hanyar ƙuri'a, aka daina bayan kowace ƙungiya ta samu sau ɗaya. A 1949 Bears ta ɗauki George Taliaferro, baƙar fata na farko da aka zaɓa, amma ya riga ya sa hannu da wata ƙungiya a wata gasar daban, AAFC. Wally Triplett, wanda Detroit Lions ta ɗauka a wannan shekarar, shi ne baƙar fata na farko cikin waɗanda aka zaɓa da ya buga wasa a NFL.

Shekarun 1960 sun zo da kishiya, gasar AFL, mai nata zaɓen daban. Ɗan wasa ɗaya sai ƙungiyoyi biyu su zaɓe shi, ya zauna yana kallo suna ƙara tayi. An ruwaito cewa ƙungiyoyi kan tura mutanensu su ɓoye yaro a otal har sai ya sa hannu. A 1965 Joe Namath ya bar St. Louis Cardinals ta NFL ya tafi New York Jets ta AFL a kan dala 427,000. Tsadar nan na cikin abin da ya tilasta wa gasannin biyu sulhu a 1966, kuma a 1967 aka yi zaɓen haɗin gwiwa na farko, Baltimore Colts ta ɗauki Bubba Smith.

Tashar ESPN ta fara nuna taron kai tsaye a 1980. An ce shugaban gasar na lokacin, Pete Rozelle, bai ga abin kallo a ciki ba, tunda karanta sunaye ne kawai. Daga 1965 zuwa 2014 a New York ake yin sa, shekarun ƙarshe a zauren Radio City Music Hall. Daga 2015 aka fara yawo da shi: Shikago, Filadelfiya, yankin Dallas, Nashville, har zuwa Detroit a 2024, inda aka ƙiyasta mutum 775,000 sun halarta cikin kwana uku. Na 2020 ta intanet aka yi shi saboda annobar korona.

Yadda ake yi

Tun 1994 zagaye 7 ake yi; a da ya kai 30, ya sauko 17, ya koma 12. Wadda ta ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, ita ce ta ƙarshe a kowane zagaye. Ana ƙara wasu gurabe ga ƙungiyoyin da manyan 'yan wasansu suka bar su, don haka jimillar takan ɗan haura 250. Tun 2010 kwana uku ake yi, daga Alhamis zuwa Asabar, kuma kowace ƙungiya tana da 'yan mintoci ta miƙa sunan wanda take so ko ta yi musayar gurbinta. Sharaɗin shiga shi ne ɗan wasa ya yi shekara uku da gama sakandare. Maurice Clarett ya ƙalubalanci wannan a kotu a 2004, ya ci a matakin farko, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

Kafin zaɓen akwai taron gwaji da ake yi a Indiyanafolis tun 1987. Ana auna tsayi da nauyi da faɗin tafin hannu, likitoci su duba gwiwa da kafaɗa, a sa yaro ya ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102 iya yadda zai iya, ya yi tseren yadi 40. Xavier Worthy ya yi wannan tsere cikin daƙiƙa 4.21 a 2024.

Muhawarar magoya baya

Gardamar takan rabu gida biyu. Wasu na cewa a ɗauki wanda ya fi kowa iyawa cikin waɗanda suka rage, ko da ƙungiyar tana da irinsa. Wasu na cewa a toshe ɓarakar da ake gani: in masu tsaron baya ne suka ba da kunya bara, to can za a duba. A kan wannan sai a ɗora rigimar kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da ke jan ragamar 'yan gaba, wanda ƙungiyar da ba ta da nagari ba ta cika kaiwa ko'ina ba. Magoya bayan ƙungiyar da ke kan gaba a layi sukan shafe Janairu zuwa Afrilu suna kallon tsofaffin wasannin jami'a, suna kiran gidajen rediyo, suna jera sunaye na gwaji, kowa da nasa jerin. Mel Kiper Jr., wanda ESPN ta fara sa wa a shirin a 1984, shi ya mayar da wannan hasashe sana'a. A 1994 ya soki Colts kai tsaye don ta ƙi ɗaukar kwatabak Trent Dilfer, sai manajan ƙungiyar, Bill Tobin, ya fito a kyamara yana tambayar wai shi wane ne Mel Kiper ɗin ma.

Magoya bayan Jets sun yi suna wajen yi wa zaɓin ƙungiyarsu ihu, tunda a da a garinsu, New York, ake taron kuma su ke cika benen zauren. A 1983, shekarar da aka ɗauki kwatabak shida a zagayen farko, Jets ta ɗauki Ken O'Brien daga wata ƙaramar jami'a ta bar Dan Marino, wanda Miami Dolphins ta samu a gurbi na 27, ya kuma zame wa Jets ƙarfen ƙafa shekara da shekaru. A 1995 zauren ya ɗauki waƙar sunan Warren Sapp, ƙungiyar ta kira Kyle Brady. Sapp ya tafi Tampa Bay a gurbi na 12, ya ci kofi, ya shiga jerin gwarazan gasar a 2013. Waɗannan biyun su ne hujjar da mai goyon baya ke kawowa in aka ce masa ya bar wa masana aikinsu.

Sai dai akwai na kishiyarsu. A 1999 mutanen Filadelfiya sun nace sai Ricky Williams, gwanin gudu da ƙwallo na Jami'ar Texas, har magajin garin, Ed Rendell, ya sa baki. Wani mai shirin rediyo ya cika mota da mutum 30 zuwa New York. Da aka kira sunan Donovan McNabb a gurbi na biyu, suka yi ta ihun ƙin amincewa, saurayin yana tsaye a dandamali riƙe da rigar ƙungiyar. McNabb ne ya kai Eagles wasan kusa da na ƙarshe sau huɗu a jere, ya kai ta Super Bowl a kakar 2004. A Houston ma a 2006 gari ya rabu tsakanin Reggie Bush da Vince Young, ɗan garin da ya ci wa Texas kofin jami'o'i watanni kaɗan kafin nan. Ƙungiyar garin, Texans, ta bar su duka ta ɗauki mai tsaron baya Mario Williams, ta sha zagi, daga baya masu sharhi da dama suka dawo suka ba ta gaskiya.

Gardamar da aka fi tunawa ita ce ta 1998, Peyton Manning ko Ryan Leaf. Masana sun rabu sosai. Wasu na ganin Leaf ya fi ƙarfin hannu, Manning kuwa ya riga ya kai iyakarsa. Colts ta ɗauki Manning, ya zama gwarzon gasar sau biyar, ya ci Super Bowl biyu. San Diego Chargers ta ɗauki Leaf, wanda ya bar gasar da jifa 14 da suka ci maki da 36 da suka faɗa hannun abokan hamayya. Bayan shekara biyu New England Patriots ta ɗauki Tom Brady a gurbi na 199, bayan an ɗauki kwatabak shida a gabansa, babu wanda ya yi gardama a kansa don babu wanda ya kula. Ya ci Super Bowl bakwai. A 2017 Bears ta ba da gurabe don ta matsa daga na uku zuwa na biyu ta ɗauki Mitchell Trubisky, Patrick Mahomes ya sauka hannun Kansas City Chiefs a na 10.

Wani lokaci ɗan wasan ne ke ƙin ƙungiyar. John Elway ya ƙi Colts a 1983 aka miƙa shi Denver, Eli Manning ya ƙi Chargers a 2004 aka yi musayarsa da Philip Rivers na Giants. Yi wa shugaban gasar, Roger Goodell, ihu da zarar ya hau dandamali kuwa ya zama al'ada, shi kansa yakan ɗaga hannu ya ce a ƙara.

Kuɗi da musaya

Ana cinikin gurabe kamar haja. A farkon shekarun 1990 Dallas Cowboys ta zamanin Jimmy Johnson ta tsara jadawalin da ya ba kowane gurbi maki, na farko 3,000, sauran ƙungiyoyi suka kwaikwaya. Mike Ditka na New Orleans Saints ya ba Washington duk gurabensa na 1999, haɗe da biyu na 2000, don ya samu Ricky Williams ɗin nan. A ƙarshen kakar aka sallame shi. Masana tattalin arziki biyu, Cade Massey da Richard Thaler, sun yi nazarin da ya nuna ƙungiyoyi na yi wa guraben farko kuɗin da ya wuce amfaninsu, kuma sun fi yarda da idonsu fiye da yadda sakamako ya nuna.

Albashin sababbi ya yi ta hawa har Sam Bradford ya samu kwantiragin dala miliyan 78 a 2010, miliyan 50 tabbatattu, bai buga wasa ko ɗaya ba. Yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ta ƙayyade shi. Cam Newton, na farko a shekarar, ya samu kimanin miliyan 22.

Taƙaddama

Ana zargin wasu ƙungiyoyi da sakin wasa da gangan don su samu gurbin farko, tunda babu ƙuri'a kamar a gasar kwando ta NBA. A 2022 tsohon kocin Dolphins, Brian Flores, ya yi irin wannan zargi a kan mai ƙungiyar. Binciken gasar bai tabbatar an saki wasa ba. Wasu kuma na sukar tsarin gaba ɗaya, cewa yana hana matashi zaɓen inda zai yi aiki.

Na ƙarshe a layi

Tun 1976 ake yi wa wanda aka ɗauka a ƙarshe biki na barkwanci a Kalifoniya, da laƙabin Mr. Irrelevant, wato wanda ba a damu da shi ba. Brock Purdy, na 262 a 2022, ya kai San Francisco 49ers wasan Super Bowl a Fabrairun 2024.

'Yan asalin Afirka ta Yamma

Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya je Amurka ne a matsayin mai jifan faifai, ya koyi ƙwallon yana babba a Jami'ar Azusa Pacific. Chiefs ta ɗauke shi a zagaye na biyu a 1987, kuma a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar, da yadi 1,480. Amobi Okoye yana ɗan shekara 19 Texans ta ɗauke shi a gurbi na 10 a 2007. Ezekiel Ansah, haifaffen Akara, shi ne na biyar a 2013, ya tafi Detroit Lions.