Disata tasa nasata, mhanun jag fasata

"Disata tasa nasata, mhanun jag fasata" (दिसतं तसं नसतं म्हणून जग फसतं) karin magana ce ta harshen Marathi. Abin da take nufi shi ne: yadda abu yake a ido ba haka yake ba, shi ya sa duniya take ruftawa. Ana faɗar ta idan wani ya sayi kaya don kyan marufi, ko ya amince wa mutum saboda sutura da daɗin baki, daga baya ya gane an yi masa sakiyar da ba ruwa.

Marathi shi ne harshen hukuma a jihar Maharashtra da ke yammacin Indiya, wadda aka kafa ranar 1 ga Mayu, 1960, hedikwatarta Mumbai. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum wajen miliyan 83 ne suka tashi da shi, wato shi ne na uku a ƙasar bayan Hindi da Bengali. Ana rubuta shi da haruffan Devanagari. Karin magana a harshen ana ce mata mhan, jam'inta mhani.

Ginin jimlar

Kalmomi shida ne kacal. Disata na nufin "ana ganinsa", tasa "haka", nasata "ba ya kasancewa", mhanun "shi ya sa", jag kuma "duniya". Kalmar ƙarshe ce ta fi nauyi. Fasata ta fito daga aikatau fasne, wanda ake amfani da shi ga mutumin da aka damfara, ana kuma amfani da shi ga abin da ya maƙale, kamar ƙafar da ta kafe a taɓo. Ke nan hoton da mai jin harshen yake gani na mutum ne da ya taka wuri yana zaton tudu ne, sai ƙasa ta tafi da shi.

Uku daga cikin kalmomin, disata, nasata da fasata, amo ɗaya suke ƙarewa da shi, kuma wannan ne ya sa mai koyo yake haddace ta tun kafin ya san nahawunta. Akwai bambanci tsakanin yadda ake faɗa da yadda ake rubutawa a littafi: a rubuce za a ga disate tase nasate, mhanun jag fasate, amma a bakin mutane wasalin "e" na ƙarshe yakan koma "a". Duk biyun daidai ne.

Abin lura, maganar ba ta zargi mayaudari ba, ba ta ma ambace shi ba. Duniya ta ce tana ruftawa, har da mai faɗar. Shi ya sa take shiga bakin mai gargaɗi, take kuma shiga bakin mai rarrashin wanda aka riga aka cuta.

'Yan uwanta

Marathi na da wasu karin maganganu a kan wannan batu, kuma sun fi ta ɗauke da ƙamshin ƙasar. "Durun dongar sajare" na cewa daga nesa duwatsu suke da kyau. Wanda ya san jerin tsaunukan Sahyadri, inda ƙololuwar Kalsubai ta kai mita 1,646, zai gane dalili: da damina sukan yi kore shar, sai mutum ya fara hawa ya haɗu da santsi da ƙaya. Ana yi wa wanda yake hangen aikin wani ko gidan wani yana haɗiyar yawu.

"Varun kirtan, atun tamasha" kuwa ta munafuki ce: a waje kirtan, a ciki tamasha. Kirtan wa'azi ne da ake yi cikin waƙa a wuraren bautar Hindu, mai wa'azin yana tsaye, masu amshi suna kaɗa ƙananan kuge. Ya shahara wurin mabiya Varkari, masu tattaki zuwa Pandharpur. Tamasha wasan dandali ne na karkara, da kiɗan gangar dholki da rawar lavani da waƙoƙin soyayya marasa kunya, wanda masu ji da mutuncinsu suka daɗe suna yi wa kallon wasan 'yan duniya. Bahaushe ba zai sha wahalar gane ta ba, tunda yana da "Musa a baki, Fir'auna a zuci".

Wadda ta fi zafin ba'a ita ce "Nav Sonubai, hati kathlacha vala": sunanta Sonubai, amma munduwar kuza ce a hannunta. Sunan ya samo tushe daga kalmar zinariya, "bai" da ke ƙarshensa kuma laƙabin girmamawa ne ga mace. Kusa da ita akwai "Bada ghar, pokal vasa", babban gida mai azarar da cikinta rami ne, wadda ake yi wa dangin da sunansu ya rage bayan dukiya ta ƙare.

Wani ɗan mishan mai suna Alfred Manwaring ya tattara karin maganganun Marathi ya fassara su zuwa Turanci, aka buga a Oxford a 1899. A yau ɗalibai a Maharashtra suna koyon mhani a darasin nahawu, inda akan ba su rabin farko a ce su ƙarasa, ko a ce su bayyana ma'ana.