Yadda ƙananan kamfanonin ƙasashe masu tasowa ke shiga kasuwannin duniya

Shiga kasuwannin waje na nufin kamfani mai ƙaramin jari, daga ƙasa irin su Indiya, Sin, Pakistan ko Brazil, ya fara sayar da kayansa ko aikinsa a wata ƙasa, ko ya tura kayan da kansa, ko ta hannun dillali, ko in ya yi ƙarfi ya buɗe reshe a can.

A 1977 wasu malaman jami'ar Uppsala ta Sweden, Johanson da Vahlne, suka ce kamfani a hankali yake fita, ya fara da maƙwabta masu yare da al'ada kusa da nasa, in ya ga ya gane kan kasuwar sai ya ƙara gaba. Amma fa ba kowa ke bin wannan ba, Infosys ma, kamfanin manhajar kwamfuta na Indiya, injiniyoyi bakwai ne suka kafa shi a garin Pune a 1981 da kusan dala 250, kuma kwastomansu na farko a Amurka yake.

Abin da aka fi gani dai shi ne ƙaramin kamfani sai ya raɓi wani kafin ya fita. Dubi garin Sialkot na Pakistan, cike yake da ƙananan masana'antu masu ɗinka ƙwallon ƙafa da ƙera kayan tiyata, suna yi wa manya irin su Adidas aiki, har ƙwallon Brazuca ta gasar cin kofin duniya ta 2014 kamfanin Forward Sports na garin na cikin waɗanda suka yi ta, kuma da 'yan kasuwar garin suka gaji da wahalar kai kaya nesa sai suka haɗa kuɗi suka gina filin jirgin sama nasu, aka buɗe shi a 2007. Sai dai sunan Adidas ne a jikin ƙwallon, kuma riba mai tsoka wajen mai sunan take tafiya. Wasu ƙananan kamfanonin kuma 'yan ƙasarsu mazauna waje ne ke buɗe musu ƙofa, wasu ta intanet, kamar Alibaba da aka kafa a Hangzhou a 1999 don haɗa ƙananan masana'antun Sin da masu saye na waje.

Inda gizo ke saƙa shi ne yarda. Mai saye ba zai biya kafin ya ga kaya ba, mai sayarwa kuma ba zai loda kwantena ba sai ya tabbata kuɗinsa za su fito, shi ya sa banki ke shiga tsakani da takardar lamuni, wato alkawarin cewa zai biya mai sayarwa in ya tura kayan, to bankunan ne ke yawan ƙin ƙananan kamfanoni don ba su da abin jingina. Bankin Raya Asiya ya ƙiyasta giɓin irin wannan kuɗi na cinikin ƙasa da ƙasa, wato abin da kamfanoni suka nema ba su samu ba, a dala tiriliyan 2.5 a 2022. Ga kuma takardun inganci irin su ISO 9001 da mai saye kan nema tun kafin a yi maganar farashi.